Mai Waya Ya Koyi Zama

Ƙafafunsa Ni'ima ta fara gani, ba fuskarsa ba. Ta dawo daga sallar azahar ta tarar da layin masu karɓar magani ya kai bakin ƙofa, kwamfutarta ta ƙi motsi, ga kuma wasu dogayen ƙafafu cikin safa sun leƙo daga ƙarƙashin teburinta.

Sai da ta yi sallama ta sake yi kafin mai ƙafafun ya jawo jikinsa ya fito, yanar gizo a hularsa, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ya ɗaga mata yatsa alamar ta jira. Ita kuwa Ni'ima, 'yar Alhaji Hammadu mai shadda na Gwallaga, ba a saba ɗaga mata yatsa ba, balle a cikin ɗakin maganinta.

Da ya gama wayar ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran da aka turo. Ya gyara tsayuwa irin ta wanda aka taɓa wa martaba, ya ce sunansa Musaddiq, kuma shi ne ya tsara yadda na'urorin asibitin ke aiki gaba ɗaya.

"Au, ashe kai ne ka tsara mana wannan wahalar," in ji ta.

Ya buɗe baki zai kare kansa, sai idonsa ya sauka a nata, maganar ta ɓace masa. Ya sunkuya ya danna wasu lambobi, kwamfutar ta farka, layi ya fara tafiya. Shi ne bai tafi ba. Ya tsaya yana duba wata igiyar waya da ba ta yi laifin komai ba, har ita kanta Ni'ima ta ji dariya na neman ƙwace mata.

Asibitocin ƙanana ne masu zaman kansu waɗanda masu su suka haɗa kai. Akwai na Fadaman Mada inda Ni'ima ke ba da magani, akwai na Inkil, sauran suna cikin gari. Aikin Musaddiq irin na mai zanen gida ne, sai dai gidan nasa ba na bulo ba ne. Shi ke yanke inda za a ajiye bayanan marasa lafiya, yadda sakamakon gwajin jini zai tashi daga ɗakin gwaji ya isa gaban likita, wa ke da izinin ganin me, da abin da zai faru idan aka ɗauke wuta ko intanet ta yanke. Komai kuma yana komawa ga wata babbar na'ura da ma'aikata ke kira uwar na'ura, a wani ɗaki mai sanyi a babban reshe.

Daga ranar nan kwamfutar ɗakin magani ta zama wadda ta fi kowace samun kulawa a Bauchi. Lambar Ni'ima tana cikin bayanan ma'aikata da ke hannunsa, amma ya ƙi ɗauka daga can. Ya ce amana ce aka ba shi, ba don neman aure aka ba shi ba. Sai da ya zo da ƙafarsa ya roƙa, yana kallon ƙasa. Wannan abin ya shiga ran Ni'ima fiye da duk wani daɗin baki da aka taɓa yi mata.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Assalamu alaikum Malama Ni'ima. Musaddiq ne, mai tsara wahala. Ina tambaya ne ko kwamfutar tana lafiya."

Ta mayar masa: "Wa alaikumus salam. Lafiyarta ƙalau. Idan ita kake nema, ba ta da waya."

"To mai ita fa?"

"Mai ita tana da uba a Gwallaga."

Ya gane karatun. Cikin makon ya aika aka nemar masa izinin zuwa zance, aka ba shi.

Soyayya ta kama su kamu mai kyau. Yana kiranta Ni'imata, ita kuma tana ce masa Injiniya idan tana cikin jin daɗi, Malam Musaddiq idan ya yi laifi. Yakan zo bayan la'asar su zauna a zauren gidansu, keke-napep na wucewa a lungu, yana zana mata akwatuna da kibiyoyi a bayan takardar tsire don ta ga yadda maganin da take bayarwa ke sanin sunan mai shi. Ba duka take fahimta ba. Fuskarsa take kallo idan yana bayani.

Matsala ɗaya ce, tana kuma cikin aljihunsa. Bai taɓa kai zance ƙarshe ba. Yana tsakiyar faɗa mata abin da zuciya ke son ji, wayar za ta yi ƙara, ya ce ta yi haƙuri, ya fita ƙofar gida yana zagaye da hannu ɗaya a ƙugu. Wani lokaci ya dawo, wani lokaci sai dai ta ji tashin motarsa. Kafin wata ya zagayo masu shagunan lungun sun raɗa masa suna Mai Waya, har mahaifiyarta Hajiya A'i ta kama, takan leƙo ta ce Mai Waya ya iso.

Kuma kusan kullum suna ɗaya ne ke fitowa a fuskar wayar: Charity.

Ni'ima ta haɗiye abin har ya ishe ta. Ranar da ta tambaye shi, tana kiransa Malam Musaddiq, ya yi dariya ya ce mataimakiyarsa ce a wurin aiki. Dariyar ba ta gamsar da ita ba. Charity ce da kanta ta raba gardamar, don wata rana ta shigo ɗakin magani karɓar maganin tarin ɗanta, goye da ƙaninsa, tana mitar mijinta Istifanus ya ajiye ta a rana ya tafi neman mai. Ta kalli Ni'ima sama da ƙasa ta yi murmushi.

"Ke ne amaryan oga? Ki yi haƙuri da ni, wallahi ba son kiran shi nake yi ba. Na san gyaran, amma makullin yana hannun shi. Ko ƙofan ɗakin ma sai shi."

Kunya ta kama Ni'ima, kishin ya tafi, amma wani abu da ya fi kishi nauyi ya zauna a gurbinsa.

Gaskiya Charity ta faɗa. Manyan lambobin sirri na uwar na'ura, waɗanda da su ake buɗe ta idan ta kulle ko a tashe ta idan ta faɗi, a kan Musaddiq kaɗai suke. Yana da hujjarsa. A farkon aikinsa a wani wurin ya ga yadda wani ma'aikaci ya goge bayanan mutane da kuskuren yatsa ɗaya, saboda kowa ya san lambar. Tun daga nan ya rantse ba zai sake raba makulli da kowa ba. Wannan ita ce hujjar da yake faɗa. Wadda ba ya faɗa ita ce yana jin daɗin yadda manyan likitoci ke tsayawa cak sai ya iso.

A gefe kuma akwai Mahfuz, ɗan aminin Alhaji Hammadu, mai shagon kayan ɗinki kusa da na Alhajin. Ba mugu ba ne, ba kuma mummuna ba. Ya daɗe yana son Ni'ima, kuma yana da abin da Musaddiq ba shi da shi: in ya zauna ya zauna. Suna, biki, ta'aziyya, duk inda aka nemi mutum Mahfuz na nan har a naɗe tabarma.

Da maganar Musaddiq ta yi ƙarfi, Alhaji ya ce yana son ganin yaron da idonsa kafin manya su shigo ciki. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Da safe Ni'ima ta tura masa:

"Injiniyana, Allah Ya ba ka sa'a yau. Baba ba ya son gaggawa, yana da dogon bayani, yana da doguwar addu'a. Don girman Allah ka kashe wayar nan. Ni'imarka."

Ya amsa: "Na yi alkawari ba za ki ji ƙararta ba."

Ya cika alkawarin a yadda ya fahimce shi. Ya hana wayar ƙara, amma bai kashe ta ba.

Ya zo cikin farar shadda, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata. Alhaji ya tambayi asalinsa da iyayensa, ya saurari bayanin aikinsa yana gyaɗa kai. Hajiya A'i da ke bayan labule ta koma ta ce wa 'yarta abin yana tafiya. Can Alhaji ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ya lumshe ido kamar yadda ya saba.

A nan wayar ta fara rawa a cinyar Musaddiq. Ta tsaya ta sake. Ya saci kallo ya ga saƙon Charity: "Oga uwar na'ura ya kulle. Akwai mata a tiyata a Inkil, jini yana zuba, likita ba ya ganin sakamakon jinin ta. Ka kira yanzu."

Ya kalli Alhaji, hannuwa a sama, addu'ar ba ta kai ko rabi ba. Ya kalli wayar. Ya tashi a hankali ya fita da baya.

Alhaji ya shafa addu'a ya buɗe ido, ya ga tabarma da kofin zoɓo cike.

Ya je ya buɗe musu na'urar, matar ta rayu. Musaddiq ya dawo bayan magariba ya ba da haƙuri ta bakin wani dattijon maƙwabci, aka ce masa an ji. Washegari Alhaji ya kira Ni'ima gaban mahaifiyarta, ya yi magana ba faɗa ba tsawa, abin da ya fi faɗan ciwo.

"Ban ce yaron banza ba ne. Na ji dalilinsa, kuma dalili ne. Amma yaron nan ba shi ke da kansa ba. Ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da ba shi da ikon zama ba."

Ya ce ba zai tilasta mata kowa ba. Sai dai mahaifin Mahfuz ya daɗe yana jira, shi Alhajin kuma ya ce masa su zo bayan babbar sallah a ji ta bakinta. Ko ta amsa ko ta ƙi, maganar Mai Waya dai a ajiye ta.

Ni'ima ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ba za ta yi aure ba da albarkar Baba ba, wannan ko a mafarki. Ba ta kuma jin za ta iya zaman aure da Mahfuz alhali zuciyarta na wani wuri. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta da wanda za ta yi fushi da shi. Ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta san abin da zubar jini ke nufi. Da ya zauna har aka gama addu'ar, da ta raina shi. Da ya tashi kuma, ga inda aka kwana.

Ya same ta a wurin aiki bayan an tashi, ya tsaya ta bayan tagar ba da magani kamar mai jiran a duba takardarsa. Ya rame. Ya fara bayani, ta ce ba sai ya yi ba, ta sani.

"Tambaya ɗaya gare ni, Musaddiq. Idan ni ce kwance a ɗakin haihuwa, kana riƙe da hannuna, wayar nan ta yi ƙara. Ya za ka yi?"

Ya so ya yi ƙarya. Bakinsa ya ƙi.

Ta gyaɗa kai, hawaye na sauka, ta ja tagar ta rufe. Daga ranar ta daina amsa saƙonninsa, ba don ta daina karantawa ba.

Ya yi ta turowa. "Ni'imata, ko kalma ɗaya." Shiru. "Na wuce ta lungunku ban tsaya ba, mai shayi ya ce yaya waya." Shiru.

Ya yi tunanin ajiye aikin. Har ya fara rubuta takardar, sai ya tuna ranar da ya fita ƙofar nan babu mai iya tayar da uwar na'ura idan ta faɗi, kuma marasa lafiya ba za su daina zuwa don shi ya tafi neman aure ba. Ba ya iya tafiya, ba ya iya zama. Sai ya koma yini a ɗakin nan mai sanyi marar taga, fitilu ƙanana na ƙifta masa ido, yana kallon abin da ya gina da hannunsa ya kuma rasa ƙofar fita daga cikinsa. Raguna sun fara cika bakin titi, kowane kukan rago yana tuna masa sallah ta matso.

Charity ta ƙwanƙwasa wata rana da hantsi, don ko shiga ba ta iya yi sai ya buɗe mata. Ta tsaya gaban babban zanen tsarin da ke manne a bango, ta bi shi da yatsa.

"Oga, kai ka koya mini wannan. Ka ce duk abin da idan ya mutu komai zai tsaya, dole a yi shi biyu. Wuta biyu, ga janareta ga sola. Intanet biyu. Na'ura ma ka sa an sayi na biyu, yana can Inkil yana jira. Komai biyu-biyu." Ta juyo ta kalle shi. "Kai ne kawai ɗaya. Kuma ba ka sa kanka a cikin zanen ba."

Ya dubi zanen. Da wani ne ya kawo masa tsari irin wannan ya duba, da tun a shafin farko ya ja masa jan biro. Na'urar Inkil ɗin ma da ya yi alfahari da ita ba ta karɓar aiki sai shi ya buɗe mata da lambarsa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba a jin ta sai a gaban wanda ka koyar.

Gyaran bai zo da sauƙi ba, kuma ba na'urorin ne suka yi gardama ba, shi ne. Ya sake zana tsarin yadda ta Inkil za ta karɓi aiki da kanta idan uwar ta faɗi. Ya raba makullin: Charity da nata, wani abokin aikinsu Hammajoda da nasa, kowa da iyakar inda zai taɓa, kuma duk abin da aka taɓa na'ura na rubuta wanda ya taɓa. Ya sa aka yi jerin masu jiran kira, mako-mako. Ranar da Charity ta fara shiga da lambarta, Musaddiq ya tura hannuwansa cikin aljihu don kada su ƙwace allon daga gabanta. Ta yi kuskure, ta gano da kanta, ta gyara, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga a ɗakin da ke da sanyi kamar firji.

Saura gwaji. A sana'arsu ba a yarda da na'urar ajiya don an ce tana nan. Sai an kashe babbar da gangan, rana tsaka ana cikin aiki, an ga ko ƙaramar za ta ɗauka. Musaddiq ya ce wannan karon abu biyu za a kashe, uwar na'ura da shi kansa. Ya ɗauki hutunsa na farko tun da ya fara aikin. Ya ce wa Charity ta zaɓi ranar da babu tiyata, ta tanadi takardu a kowane reshe saboda tsaro, ta kashe uwar ba tare da ta gaya masa yaushe ba. Sannan ya zare wayar daga aljihu ya ajiye mata a tebur. Sai da ta ce masa ya saki kafin ya lura har yanzu yatsunsa na kanta.

Kafin ya ajiye ya tura saƙo ɗaya:

"Ni'imata, ban iya ba ki amsa ranar nan ba saboda amsar ba ta da kyau. Na tafi in gyara ta. Ba za ki same ni a waya ba. Idan kina nemana, ina shagon Baba."

Alhaji Hammadu ya zo buɗe shago ya tarar da Mai Waya tsugune a bakin ƙofa. Ya amsa gaisuwa a taƙaice. Musaddiq ya ce bai zo roƙo ba, ya zo ne ya zauna, idan an ba shi wuri. Alhaji ya dube shi, ya nuna masa wani benci a lungun shago tsakanin bandiran shadda, ya ci gaba da harkarsa.

Zama ba wasa ba ne ga wanda bai saba ba. Shagon ƙunci gare shi, ga zafi, ga cinikin sallah, mata na ta ɗaga yadi suna ajiyewa. Hannun Musaddiq ya yi ta zuwa aljihu yana dawowa wayam. Yakan ji cinyarsa na rawa kamar wayar ce, alhali babu komai a wurin. Kowace motar asibiti ta wuce sai ya ce shi ke nan an kashe uwar, ta Inkil ta ƙi ɗauka. Da dare ya koma gida, da safe ya dawo bencinsa. Mahfuz yakan shigo hira, ya miƙa masa hannu cikin mutunci, ya zauna daram kamar an dasa shi. Alhaji bai ce wa Musaddiq ya tafi ba, bai kuma ce masa sannu ba.

Ranar Laraba da azahar direban asibiti ya faɗo shagon yana haki. Ya ce babban likita ya aiko shi, na'ura ta tsaya, an nemi Injiniya a waya an rasa, ya zo yanzu-yanzu.

Musaddiq ya miƙe tsaye kafin ya san ya miƙe. Alhaji ya ci gaba da auna yadi, amma hannunsa ya rage sauri.

Mahfuz ya ce, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, "Ka je mana, Malam. Rai ne fa."

Musaddiq ya tambayi direban ko Charity ce ta aiko shi. Ya ce a'a, likita ne, Madam Charity ma cewa ta yi kada a zo.

Ƙafafunsa na son tafiya. Duk jikinsa na son tafiya. Ya tuna matar Inkil, ya tuna kuskuren da Charity ta yi ranar farko, ya kuma tuna ita ta gyara shi. Idan ya bi direban nan, ya san har ya tsufa ana aiko direba.

"Ka koma ka gaida likita," in ji shi. "Ka ce masa aikin yana hannun Charity. Ta fi ni sanin halin da ake ciki."

Ya koma ya zauna a bencin, ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu. Direban ya juya ya tafi. Babu wanda ya dawo da labari, mai daɗi ko marar daɗi. Haka ya zauna cikin rashin sani har aka kira la'asar, kuma a rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan zaman ba.

Da za su fita masallaci Alhaji ya tsaya kusa da shi yana gyara hula.

"Kana tsoro?"

"Ina tsoro, Baba."

"Amma ka zauna."

"Na zauna."

Alhaji ya miƙa masa butarsa ya ce ya fara alwala. Mahfuz ya ga butar ta wuce hannu, ya kuma san abin da ya gani. Mutum ne mai hankali, bai bari an kai ga sallah ba ya gaya wa mahaifinsa a bar maganar.

Da yamma Charity ta kawo masa wayarsa har ƙofar shagon, tana dariya. Ta ce ta Inkil ta ɗauka kafin likita ya gama faɗa, wani reshe ɗaya ne ya yi gardama, ita da Hammajoda suka lallashe shi. Ya buɗe wayar. Saƙo ɗaya ya nema, ya kuma same shi:

"Injiniyana, ɗazu kwamfutata ta ɗauke ina tsakiyar ba wata tsohuwa magani. Gabana ya faɗi, ba don kwamfutar ba. Na ce yanzu zai taso. Na zuba wa ƙofa ido ina roƙon Allah kada in gan ka. Ta dawo da kanta, kai kuma ba ka zo ba. Ban taɓa jin daɗin rashin zuwanka ba sai yau. Na samu amsata. Ni'imarka."

Ya karanta ya juya wa titi baya, don kada masu shaguna su sami sabon sunan da za su raɗa masa.

Manyansa suka zo bayan sallah, a ranar da aka tsara wa su Mahfuz. Aka ɗaura aure a ƙaramin masallacin lungun su Ni'ima, mutane har bakin titi. Charity ta zo wunin biki cikin anko, wayar aiki a jakarta, don makon nata ne. Hajiya A'i ta yi kuka ta yi dariya, Alhaji ya damƙa 'yarsa ya ce Allah Ya sa su zame wa juna sutura, Ya ba su zuriya mai albarka, Ya sa a ga tsufansu tare.

Aka kai amarya gidan da ya kama a Inkil, can inda gari ke ƙarewa gonaki su fara. Da hantsin washegari suna zaune a tsakar gida, ta zuba masa shayi, ta lura yana ta juya cokali bai sha ba.

Ta tambaye shi abin da ke damunsa. Ya faɗi gaskiya, don ya riga ya saba faɗa mata ita ko ba ta da kyau.

"Tun shekaranjiya babu wanda ya neme ni. Ko mutum ɗaya. Komai yana tafiya ba ni." Ya yi 'yar dariya marar ƙarfi. "Abin da na so ke nan, na sani. Amma sai nake jin kamar ba a bukatata."

Ni'ima ta ajiye butar shayin. Ta matso ta karɓe cokalin daga hannunsa, ta riƙe hannun da nata biyu.

"Can an sami mai riƙe musu, Injiniya. Nan gidan ne babu na biyu, kuma ba za a yi ba. Sha shayinka kafin ya huce."

Ya sha. Ya zauna har rana ta bar tsakar gidan, ba wanda ya tashe shi. Allah Ya bar su tare, Ya sanya albarka a zamansu.